Ruwan da Inna Ta Ƙi Sha a Jirgi

Assalamu alaikum. Sunana Talatu, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, gaba kaɗan da Zakirai. Ban saba baza zancen gidanmu a waje ba, kuma in Inna ta ji na rubuta wannan, sai na yi wata guda ban ga haƙorinta ba. Amma tun da aka sallamo mu abin yake cina, in na kwanta shi, in na tashi shi. Yanzu 'ya'ya sun watsu, wannan Legas wancan Fatakwal, kowa burinsa ya hutar da tsohuwarsa wahalar mota ya ɗora ta a jirgin sama. To kafin ku yanki tikitin nan, ku tsaya ku ji abin da ya same mu.

Innarmu ta haura saba'in, amma ba ta san zama ba. Tana da 'yar gayauna a bayan gari inda take shuka kuɓewa da yakuwa da gyaɗa, kuma ko ruwa ake ko rana sai ta taka ta gano ta. A raba Inna da ƙafarta, an gama da ita ke nan. Abu na biyu da ya kamata ku sani, kunya. Ni ce 'yar farinta, ga ni da furfura ta fara leƙowa, amma har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. In ana zaman lafiya "ke" ce ni. In na dame ta, "mai baki".

Autarmu Rabi tana aure a Fatakwal. Da ta yi haihuwar fari, ya kamata a ce ta taho gida wanka, sai haihuwar ta zo da gardama, likita ya hana ta doguwar tafiya. Inna ta ce to ita za ta je. Ta shiga motar haya tare da wasu mata 'yan kasuwa, kwana da wuni suna hanya, ta sauka garau. Duk inda aka tsaya sai ta fita, ta kama ruwa, ta sayi abin taɓawa, a yi ta hira. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da aka yi arba'in, mijin Rabi ya ce atafau surukarsa ba za ta sake shan wahalar mota ba. Sanusi sunansa, ɗan Rijiyar Zaki, yana aiki a tashar jiragen ruwa. Yaron kirki ne, ba zan faɗi komai a kansa ba sai alheri, ko da yake akwai ranar da na ji kamar in shaƙe shi. Ya yanki tikiti biyu, ya ce shi da kansa zai rako ta har ƙofar gida. Duk ƙauye aka ɗauka, Inna za ta dawo ta sama.

Sun iso ana kiran magariba. Sanusi ya durƙusa a zaure ya gaisa da maza, ya juya Kano wurin iyayensa, washegari ya koma bakin aikinsa. Ni na riƙo Inna daga mota. Na ga tana ɗingishi, leɓenta ya bushe har ya tsage. Tana shiga gida ba ta gaisa da kowa ba, ta zarce bayan gida, ta daɗe. Da ta fito ta kafa kai a moɗa ta shanye, ta sake ɗiba. Na ce, "Inna, ba a ba ku ruwa a jirgin ba ne?" Ta ce, "Ke dai kin cika tambaya."

Satin farko abin ya zo kamar wasa. Ta ce gajiya ce. Bayan kwana biyu sha-raɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, fatar tana ƙyalli. Gwaggo Asabe, ƙanwar marigayi Babanmu kuma aminiyar Inna tun suna amare, ta duba ta ce sanyin jirgi ne ya shige ta, ai an ce cikinsa kamar randa yake. Ƙanena Garba ya je kemis ya karɓo man zafi da ƙwayar ciwon jiki. Inna kuwa ta samu sanda ta ci gaba da zuwa gayaunarta, tana tafe tana cije baki, wai kuɓewa ta fara fure ba za ta bar wa awaki ba.

A satin ne na zauna kwance mata kaya. A ƙasan babbar jaka, wadda aka sa a cikin kayan jirgi, na tarar da maganinta na hawan jini. Wato ranar tafiyar ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba. A 'yar jakar hannunta kuma, ƙunshe cikin ɗankwali, ga robobin ruwa ba a ko ɓalle murfinsu ba, ga biskit, ga wani abin fulawa mai nama a ciki har ya yi funfuna. Na ɗago na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce tsarabar yara ce ta manta. Na ce, "Tun asuba har magariba ba ki sa komai a bakinki ba?" Ta juya min ƙeya.

Sati na biyu kumburin ya haye gwiwa ya kama cinya. Nan fa gidanmu ya koma kasuwa. Wannan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Waccan ta ce wani abu ta taka a ƙasar kudu. Wata ta kawo sassaƙe, wani ya kawo rubutu. Rubutun dai mun karɓa da hannu biyu, ƙaho kuwa na ce sai dai a fara yi min. Gwaggo Asabe ta ce duk a kauce, ita ta san maganin sanyi. Safe da yamma ta tafasa ganyen darbejiya, ta tsoma tsumma ta gasa ƙafar, sannan ta shafa man zafi ta murza tun daga idon sawu har cinya, da iya ƙarfinta. Inna tana gumi, tana salati.

Mun je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Muka yi layi tun hantsi har azahar a kan benci, ƙafar tana reto. Ma'aikacin ya duba ya yi mata allura, amma Allah ya saka masa, ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin nan, ku kai ta Kano a yi mata hoton ƙafa." Muka dawo gida aka shiga shawara. Garba yana tsakiyar maimai, ciyawa ta taso masa. Ni yara suna jarrabawa. Inna ta ce ba inda za ta, daga dawowa sai a sake kwasarta? Aka ce a bari a ga ƙarshen sati. Ni dai na kasa zaune na kasa tsaye. Ina cikin aji ina rubutu a allo, hankalina yana kan cinyar nan.

A kwanakin ne Gwaggo ta ba ni labarin tafiyar, muna bakin murhu tana jiran ruwanta ya tafasa. Da alfahari ma take faɗa. Ta ce, "Ai uwarku 'yar halak ce, irinsu sun ƙare. Wuni guda cur tana gefen suruki, ko yawu ba ta haɗiya da ƙarfi ba."

Ashe tun asuba suka bar gida. Suna isa filin jirgi aka ce an ɗaga tashi, aka sake ɗagawa. Inna ta samu kujerar ƙarfe ta zauna, ta lulluɓa, Sanusi yana gefenta. Ya kawo ruwa, ta ce alhamdulillahi. Ya kawo abinci, ya ajiye, ya ba da wuri don ta ci, ita kuma tana tsoron kada ya dawo ya same ta da loma a baki, sai ta ƙunshe a jaka. Ba ta san inda bayan gida yake ba, kuma wa za ta tambaya? Surukinta? Da alwalar asuba ta yi azahar da la'asar, a zaune. Da aka shiga jirgi ya ba ta kujerar taga don ta ga gari, shi ya zauna ta bakin hanya. Ke nan ko da ta so tashi, sai ta ce masa ya matsa, ya kuma san inda za ta. Aka sauka Abuja aka sake wani zaman, sannan Kano, sannan mota har gida. Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta yi mata Turanci, ta gyaɗa kai kawai. Jirgi ya nufo Kano, cike da Hausawa, a rasa mai ce wa tsohuwa "Iya, ko za ki zaga?" Wannan abu har yau yana min ciwo.

Na ce, "Gwaggo, wannan ai azaba ce, ba kunya ba." Ta ce, "Ku 'yan boko me kuka sani?" Raina ya ɓaci, amma wallahi ko a lokacin ban haɗa zaman nan da kumburin ba. Wa zai ce zama yana kawo ciwo?

Ranar Asabar da safe, Gwaggo ta gama murzarta ke nan, Inna ta tashi za ta yi walaha. Ina tsakar gida na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa na same ta dafe da ƙirji, numfashi sama-sama, tana son yin magana ta kasa haɗa kalma biyu. Innalillahi! Ban san lokacin da na fita ba mayafi ina ƙwala wa Garba kira a gona ba. Aka samo mota. Hanyar nan ta Gezawa da na saba bi, ran nan ta ƙi ƙarewa. Kan Inna yana cinyata, ina ta ce mata ta yi salati, ita kuma tana laluben zaninta tana rufe ƙafar don kada direba ya gani.

Babban asibiti kuwa, Allah kada ya kai ku. A yanki kati layi, a biya layi, a ga likita layi, gado babu. Garba yana can yana gudu daga wannan taga zuwa waccan, ni da Inna da Gwaggo muna kan benci. Wata nas mai jiki, wadda tun shigarmu take yi wa mutane tsawa har na tsane ta a raina, ita ce ta kalli leɓen Inna sau ɗaya ta daka wa masu turo gado tsawa, ta tsallake da mu gaban kowa. Ban san sunanta ba. Allah ya ba ta aljanna, ya kuma rage mata faɗa.

Likitar mace ce, yarinya, Bahausa. Ta sa aka maƙala wa Inna robar iska a hanci, ta taɓa ƙafar a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Ta ce, "Ta yi doguwar tafiya kwanan nan? Ta daɗe a zaune?" Inna ta rufe ido. Ni na zayyana komai. Likita ta girgiza kai ta ce, "Jini kamar kunu yake, in aka bar shi wuri ɗaya ba motsi, ga kuma ba ruwa a jiki, sai ya yi gudaji. Gudan jini ne a jijiyar ƙafarta, wani ɓangare ya ɓalle ya tafi huhu." Sai ta shinshina hannunta, ta ji warin man zafi, ta ce, "Wa yake murza ƙafar nan?" Gwaggo Asabe ta ja da baya ta lafe a bango. Likita ta ce, "Kada a sake. Ba a matsawa, ba a murzawa. Allah ne ya yi da sauran kwananta."

Ban ga laifin Gwaggo ba, don da hannun da ta yi mana wankan jego duka ta yi wannan, abin da ta sani ke nan. Amma na ga ta tsufa a wuni ɗaya.

Sati na uku muna ɗakin mata. Hoton ƙafar ma sai da aka tura mu waje, na'urar asibitin wai ta lalace, muka ɗauki tsohuwa da robar iska a a-daidaita-sahu muka tsallaka titi. Allurar tsinka jini kuma a fatar ciki ake yinta, tsada kamar me. Garba ya kai tumakin da yake turke kasuwa, ni na roƙi a ba ni kwasar adashina kafin lokaci. Ina kwana a tabarma ƙarƙashin gado, in ji wannan tana nishi, waccan ana ja mata Yasin. Matar gadon kusa da mu, 'yar Dawakin Tofa, kullum sai ta raba kununta da Inna. Ranar da ta rasu aka naɗe katifarta, ban iya cin abinci ba.

Amma Inna ta fara samun kanta. Aka cire robar hanci. Likita ta kafa mana doka: ta sha ruwa sosai, ta yi fitsari, ta ɗora ƙafar a kan filo, ta riƙa motsa yatsu, in an kwana biyu ta fara takawa. Ta ce, "In ta bi wannan, za ta koma gonarta. In ta sake kwanciya shiru ba ruwa, wani gudan zai taru, kuma ban yi muku alkawarin na biyu ba." Inna da ta ji zancen gona, ta bi doka tiryan-tiryan. Sai dai ta kafa mana tata ita ma. Ta ce kada wanda ya gaya wa mutumin Fatakwal dalilin ciwon nan. "Alheri ya yi. Ba za a saka masa da baƙin ciki ba."

Mun ce wa Rabi zazzaɓi ne. Garba ne, da bakinsa da ba ya riƙe magana, ya ambaci iskar hanci a waya. Kwana ɗaya tsakani sai ga Sanusi a ƙofar ɗaki, da katan ɗin ruwa a kafaɗa, da lemo da kankana. Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa ya yi ja. Ya biya abin da ake binmu, ya sayo allurar sati guda, Allah ya saka masa. Sannan ya jawo kujerar roba ya dasa a ƙafar gadon, ya zauna. Ya ce ya ɗauki hutu, ba inda za shi sai Inna ta tashi.

Oh ni Talatu! Inna ta ja mayafi ta rufe har goshi, ta sauke ƙafar daga filo ta lulluɓe, ta juya bango. Na kawo ruwa, ta ce alhamdulillahi. Na kawo kunu, ta ce ta ƙoshi. Fo kuwa, ko kallon inda yake ba ta yarda in yi ba. Ƙwayar da nas ta ba ta, a tafin hannu ta damƙe sai da ya tafi salla ta haɗiya da yawu. Jirgin nan dai ya dawo mana har cikin asibiti.

Na shiga dabara. Na aike shi kantin magani, kafin in ɗago Inna ya dawo. Na ce ayaba take sha'awa, ta bakin kasuwa can nesa, ya hau babur ya kawo cikin ƙiftawar ido, yana murna ya yi sauri. Lokacin korar 'yan dubiya ya yi, na ce alhamdulillahi, ashe ya riga ya saba da maigadi, har shayi suke sha tare. Sai bayan isha'i yake tafiya, sannan Inna ta sha, ta zaga, asuba kuma ga shi ya dawo da fulas.

Kwana biyu a haka, ƙafar ta sake ɗaurewa tamau. Likita ta latsa, ta dubi fitsarin, ta juyo kaina. "Ke ce mai jinya? Me na ce miki? So kike mu koma farko?" A gaban mutane ta wanke ni tas, ni da nake tsawata wa yara sittin a aji. Na yi shiru, don Sanusi yana tsaye a bayana yana cewa, "Likita, ko a canza mata magani ne? Ko nawa ne zan biya."

Da ya fita alwala na durƙusa a kunnen Inna. Na ce, "Inna, don girman Allah ki sha ruwan nan, ko ki bar ni in ce ya koma waje." Ta ce, "Mutum ya baro aikinsa da matarsa da jariri, ki kore shi?" Na ce, "To zan gaya masa gaskiya." Ta buɗe mayafin, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ta ce, "In kika faɗa masa, ban yafe ba."

Wanda uwa ba ta taɓa gaya masa wannan kalma ba, ba zai san nauyinta ba. Na fita baranda na yi ta kai-kawo kamar wadda ta yi ɓatan kuɗi. In je ƙarshe in dawo, in leƙa ta taga in ga ƙafar nan a ƙarƙashin mayafi, in sake tafiya. In na yi shiru, ƙafar za ta tafi, wataƙila da mai ita. In na yi magana, na ɗauki fushin uwa. Na kira Gwaggo a waya, ta ce ita ba ruwanta, ta riga ta yi tata ɓarnar. Na yi kuka, na share, na ce Allah ka gani, gara ta rayu tana fushi da ni.

Na tare shi yana dawowa daga masallaci. Na ce, "Malam Sanusi, zo mu yi magana." Ban iya kwana-kwana ba, na faɗa masa duka: ruwan da ba a ɓalle ba, abincin da ke jaka, kujerar taga, alwalar asuba, da abin da kujerarsa ta roba take yi mana yanzu. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya sulale ya zauna a dandamalin baranda, da fararen kayansa.

Ya ce, "Yaya Talatu, na tambaye ta fa. Wallahi na yi ta tambayarta, tana cewa ta ƙoshi. Da na dawo na ga ba abincin, har daɗi na ji, na ce ta ci." Sannan ya ce, "Tagar nan, don ta ga gajimare na ba ta." Ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Na ce ba laifinsa ba ne, na kuma san bai ji ni ba.

Daga ranar bai sake shiga ɗakin ba, bai kuma koma Fatakwal ba. Akwai wani benci a ƙarshen baranda, nan ya koma. Ya kawo fulas ya ba nas ta miƙo, ya karɓi takardar magani ta taga, ya koma ya zauna. Inna ta ga kujera ba kowa, ta ce, "Ina mutumin?" Na ce yana waje. Ta dube ni, ta gane. Daga nan ba ta sake ce min komai ba. Ta sha ruwa, ta zaga, ta ɗora ƙafa a filo, kumburi ya fara saɓewa. Amma in tana son abu sai ta gaya wa Gwaggo, wadda ta dawo taya ni kwana, ko ta gaya wa bango. Ko "mai bakin" nan da nake jin haushi, na neme shi na rasa. Ina wanke mata jiki tana kallon gefe. Wannan satin ya fi min duk sauran tsawo.

Sati na huɗu aka ce ta fara takawa. Gwaggo a dama, sanda a hagu, ni a baya kamar bare. Kullum sai mun bi barandar nan. Da ya hango mu sai ya tashi ya zagaya bayan gini don kada ta takura. Wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ankara ba muka fito, ya rasa inda zai shiga, sai ya fita cikin ruwan ya tsaya ya ba mu baya. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallon rigarsa da ta manne a jiki. Sannan ta ce wa Gwaggo su koma.

To jama'a, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Inna ta yi kwana da wuni a mota ba abin da ya same ta, saboda tana cikin mata 'yan uwanta. Jirgin da aka ce hutu ne ya kusa kashe ta. Ba jirgin ba ne, wanda aka haɗa ta da shi ne, da kuma shirun da muka ɗauka ladabi. In za ku sa tsoho a jirgi, ku haɗa shi da wanda ba ya jin kunyarsa, jika ko ƙawa ko 'yar ɗaki. In dole sai suruki, to ya nemi wata mace a cikin matafiya ya damƙa mata, shi ya koma can baya. Ku ba su kujerar bakin hanya, gajimare ba inda za shi. Tun a filin jirgi a kama hannunsu a nuna musu bayan gida da wurin alwala, kada a jira su tambaya, ba za su tambaya ba. Magani ya zauna a jakar hannu. Kuma in tsohuwa ta ce muku ta ƙoshi, ku buɗe jakarta ku gani. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura bayan tafiya, don Allah kada a murza, a nufi asibiti ranar.

Inna tana gida yanzu. Tana shan ƙwayar tsinka jini, muna komawa a duba ta, ƙafar takan ɗan tasa da yamma. Ta koma gayaunarta da sanda, ta tarar kuɓewar ta tsufa ta yi ƙarfi, ta yi ta faɗa wai gida cike da mutane a rasa mai tsinka. Na gode wa Allah da ya bar mana mai faɗan. Na gode wa likitar nan da nas mai tsawa, da duk wanda ya taka ya zo ko ya yi addu'a daga nesa.

Amma abin da ba na mantawa ya faru ne ana gobe za a sallame mu. Da hantsi, ina ninke kaya, sai na ji an ce, "Ke." Na waiga ina neman Gwaggo, ashe da ni ake. Inna ta ce, "Ki ce ya shigo."

Sanusi ya shigo a sanyaye, ya durƙusa can nesa da gado, kansa a ƙasa. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska gaba ɗaya. Har masu jinyar gadajen kusa suka bar abin da suke yi. Daga cikin mayafin ta ce, "Ki ce ya miƙo kofin can."

Ya tashi ya zuba ruwa. Ya miƙa da hannu biyu. Hannunta ya fito daga mayafi ya karɓa, ya koma ciki. Sai muka ji maƙogwaronta, ƙwat, ƙwat, ƙwat, da ƙarfi, da gangan, har ta shanye. Matar da ta wuni ba ta haɗiyi yawu a gabansa ba. Sanusi ya sa hannun riga ya rufe idonsa.

Hannun ya sake fitowa da kofin, amma ba wajensa ya nufa ba. Ni ta miƙo wa.

Ta ce, "Ƙaro min, mai baki."